Jinin da Ba a San Mai Biyansa Ba: Darasi a Kan Haƙƙin Waɗanda Harin Bam Ya Rutsa da Su

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya haramta jinin bayinsa a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, majalisar amintattu ta saba ware 'yan shafuka a ƙarshen rahoton shekara, bayan an gama da lissafin shige da ficen kuɗi, domin darasi guda da ya shafi aikinmu. A bana an ɗora mini in yi magana a kan iyalan waɗanda hare-haren bam suka kashe, da waɗanda suka rayu da rauni: mene ne haƙƙinsu a shari'a, a wuyan wa yake, kuma wane yanki nasa ne ya faɗo a kan gidauniya irin tamu da kwamitocin masallatan da muke aiki tare da su.

Bari in fara da wata takarda da kowane sakataren masallaci ya sani, wadda hukumomin zakka ke fitarwa lokaci zuwa lokaci, a liƙa ta a allon sanarwa ko a turo ta ta WhatsApp. A cikinta akwai nisabin zakka, da mafi ƙarancin sadaki, da diyyar rai. Ɗan kasuwa yakan tsaya a layi na farko, mai neman aure a na biyu. Na uku ba kasafai ake kula shi ba, sai ranar da direba ya buge mutum a hanya. Alhali dukkan ukun a kan ma'auni ɗaya aka gina su, wato dinarin zinari: nisabi dinari 20, sadaki rubu'in dinari, diyya dinari 1,000. Idan aka bi ƙiyasin malaman zamani na cewa dinari ɗaya giram 4.25 ne, diyyar rai guda ta kama kilo huɗu da kwata na zinari, ninki 50 na nisabin zakka ke nan. Wannan shi ne nauyin da shari'a ta ɗora wa ran Musulmi guda, attajiri ne ko mai ga-ruwa.

To, mai karatu ya riƙe wannan adadi a zuciyarsa, ya tuna ranar Juma'a 28 ga Nuwamba, 2014, cikin watan Safar na 1436. A ranar, ana tsaka da haramar salla a babban masallacin Juma'a na Kano da ke jikin gidan Sarki, bama-bamai suka tashi, 'yan bindiga kuma suka buɗe wuta a kan masu neman hanyar tsira. Sama da mutum 100 suka rasu, wasu da dama suka jikkata, asibitocin gari suka cika har aka riƙa kiran jama'a su zo su ba da jini. Ba shi ne farko ba a garin. An yi na 20 ga Janairu, 2012, wanda ya ci rayuka fiye da 180 a yini ɗaya, an kuma yi na tashar motar New Road a Sabon Gari ranar 18 ga Maris, 2013. Na zaɓi na masallacin ne don shi ya fi kusa da masu karanta wannan rahoto: mutane ne da suka yi alwala, suka shimfiɗa darduma, kamar yadda kowannenmu ya yi a wani masallacin a wannan sa'a. Jaririn da aka bari a ciki a ranar yanzu ya haura shekara goma. Tambayar ita ce, layi na uku na takardar nan, wa zai biya masa shi?

Ƙofofin da suka rufe

Wanda ya buɗe Risala ko Muhtasar yana neman amsa kai tsaye zai tarar da ƙofofi suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma gara a faɗi haka a fili. Diyyar da aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta ta kisan kuskure ce, dangin wanda ya yi kisan ta wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗuwa su biya cikin shekara uku. Dasa bam a sahun salla kuwa ganganci ne tsantsa, kuma aƙila ba ta ɗaukar kisan ganganci. Hukuncin mai yin sa shi ne na muharibi da ya zo a aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, wanda ko magada sun yafe, shugaba ba shi da ikon ɗage shi. Sai dai mai ƙunar baƙin wake ya mutu tare da waɗanda ya kashe. A wurin Imamu Malik da Abu Hanifa, idan mai kisan ganganci ya mutu ƙisasi ya faɗi, kuma ba a komawa ga diyya, domin ƙisasin shi ne ainihin abin da ya wajaba. Shafi'i da Ahmad sun ce a ciri diyya daga abin da ya bari. Ko da an bi su, me irin wannan mutum ya bari?

Saura waɗanda suka shirya, suka saya, suka aika. Su ma jinin yana wuyansu, domin Sayyidina Umar ya kashe jama'a a San'a'a saboda mutum ɗaya da suka haɗu suka kashe, kamar yadda Malik ya kawo a Muwaɗɗa. A ganina duk dukiyar da hukuma ta ƙwace daga hannun irin waɗannan, iyalan da aka zalunta su suka fi cancanta da ita. Amma mafi yawansu ba a kama su ba, wanda aka kama kuma dukiyarsa ba ta isa diyyar mutum biyu ba.

Malamai sun tattauna wata mas'ala mai kama da tamu: mutumin da ya mutu a cikin cinkoson jama'a, ba a san wanda ya yi sanadinsa ba. Buhari ya ƙulla mata babi, Ibn Hajar ya jero maganganun malamai a Fathul Bari. An ruwaito daga Sayyidina Ali cewa ya biya diyyar wanda ya mutu a turmutsutsun ranar Juma'a daga baitulmali, Ishaƙ da Ahmad suka tafi a kan haka. Hasanul Basri ya ɗora ta a kan waɗanda suka halarci wurin. Malik ya ce ba a bin kowa da wannan jini. Na taɓa jin wani ɗalibi ya jawo wannan magana ta Malik a wajen wani zama, ya rufe bakin masu cewa gwamnati ta biya diyya, kamar an kai ƙarshen zance. Ba a kai ba. Abin da Malik ya kore shi ne alƙali ya kama wani ayyanannen mutum ya tilasta masa biyan jinin da ba a tabbatar a kansa ba. Wannan adalci ne ga wanda ake tuhuma. Bai ce shugaba ya naɗe hannu ya bar marayu ba, kuma shi da kansa ya ruwaito hadisin da ke biye.

Abin da aka yi a Haibara

Abdullahi ɗan Sahlu da Muhayyisa ɗan Mas'udu sun tafi Haibara a lokacin sulhu, saboda ƙuncin rayuwa da ya same su. Suka rabu kowa ya kama gabansa, daga baya aka tsinci Abdullahi an kashe shi an yasar. Ɗan'uwansa Abdurrahman ya zo wurin Annabi (SAW) tare da Muhayyisa da Huwayyisa, ya fara magana alhali shi ne ƙaraminsu, Manzon Allah (SAW) ya umarta a bar babba ya fara. Da ya ji bayani ya ba su zaɓi su yi rantsuwa 50 a kan wanda suke tuhuma. Suka ce ba za su rantse a kan abin da ba su gani ba. Ya ce to Yahudawan Haibara su yi rantsuwa 50 su kuɓuta. Suka ce ba su yarda da rantsuwarsu ba. Ta fuskar shari'ar kotu, magana ta mutu ke nan: babu shaida, babu rantsuwa, babu wanda za a kama. Sai Manzon Allah (SAW) ya ƙi yarda jinin ya tafi a banza, ya aika musu raƙuma 100 har gida. Mai ruwayar, Sahlu ɗan Abu Hasma, bai manta ba cewa wata jar taguwa daga cikinsu ta harbe shi da ƙafa. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim.

A nan ne asalin mas'alarmu yake. Inda hukuncin alƙali ya tsaya, nauyin shugaba ya fara. Ga kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya bar wa magada dukiyar mamaci, ya ɗauki bashinsa da raunanan iyalinsa a kansa, malamai da dama suka ce wannan nauyi yana kan duk wanda ya jiɓinci al'amarin jama'a a bayansa. Baitulmali a yau shi ne taskar gwamnati, wadda ta karɓi haraji ta kuma ɗauki alkawarin tsare rayuka. Saboda haka wanda ya nemi hukuma ta biya iyalan nan ba bara yake yi ba, kuma ba rashin tawakkali ba ne.

Hukuma ma ta amsa wannan nauyi da bakinta. A watan Yulin 2014 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta kafa asusun tallafa wa waɗanda ta'addanci ya shafa, ƙarƙashin Janar T. Y. Danjuma, aka yi alkawuran da suka haura Naira biliyan 50 a taron ƙaddamarwa, ko da yake ba duka aka cika ba. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ita ma ta tanadi asusun amana domin su. Abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin doka a Abuja da matar da ke zaune a lungun cikin ganuwa, wadda ba ta taɓa jin sunan asusun ba. Wasu ƙasashe sun gajarta wannan tazara. Faransa ta kafa asusu na dindindin a 1986, ana cika shi da ɗan abin da ake cira daga kowace inshorar dukiya, ta yadda ba sai an jira taron attajirai bayan kowane hari ba. Wasu kuma har yau suna jira: harin ofishin jakadancin Amurka a Nairobi na 7 ga Agusta, 1998 ya kashe mutum sama da 200, mafi yawansu 'yan Kenya, amma da Sudan ta biya dala miliyan 335 a 2021, Amurkawa da ma'aikatan ofishin aka duba, talakan da ke wucewa a titi ya tashi a tutar babu.

Zakka tana duba buƙata, diyya tana duba rai

Wani zai ce, ai a wata ruwayar Buhari an ce raƙuman nan daga raƙuman sadaka aka ɗebo su, me zai hana gidauniya ta biya diyya da zakka? Nawawi ya kawo wannan a sharhin Muslim. Akwai malamin da ya ɗauki ruwayar a kan zahirinta, amma mafi yawa sun fassara ta da cewa Annabi (SAW) sayen raƙuman ya yi daga waɗanda aka riga aka mallaka wa. Mu a kan maganar mafi yawa muke, saboda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙididdige masu cin zakka guda takwas, magadan wanda aka kashe ba su cikin jerin da wannan suna. Ko da an halatta ma, zakkar da muke tarawa a shekara, wadda ke shafukan baya, kowa ya auna ta da kilo huɗu da kwata na zinari ya ga iyakar inda za ta kai.

Akwai dalilin da ya fi wannan, wanda nake roƙon kwamitoci su lura da shi. Kada a kira tallafinmu diyya, ko a wajen jawabi, ko a takarda. Idan muka ba iyali buhun shinkafa da ɗan jari muka ce diyya ce, mun sauke wa hukuma nauyin da ba mu da ikon sauke mata, mun kuma rikita rabon gado. Diyya gado ce, ana biyan bashin mamaci daga cikinta, a raba saura yadda Allah ya raba. Sayyidina Umar ya kasance yana ganin mace ba ta gadon diyyar mijinta, har Dahhaku ɗan Sufyanu ya sanar da shi cewa Annabi (SAW) ya rubuto masa ya ba matar Ashyam rabonta daga diyyar mijinta, Umar ya janye ra'ayinsa. Zakka kuwa mallakar wanda aka damƙa wa ce, ba ta shiga gado. Abin da aka ba gwauruwa nata ne, abin da aka ba maraya nasa ne a hannun mai kula da shi, ƙanin mamaci ba shi da ko sisi a ciki don yana ƙaninsa. Mun sha ganin inda aka miƙa kuɗi a zaure ga babban gida, matar da ke takaba a cikin ɗaki ba ta ga ƙeyarsu ba. Tsohuwar cuta ce. Matar Sa'adu ɗan Rabi'u, wanda ya yi shahada a Uhudu, ta zo da 'ya'yanta mata biyu tana ƙarar baffansu ya kwashe dukiya, aka hukunta musu kashi biyu cikin uku, uwarsu tumuni, baffa ya ɗauki abin da ya rage.

To, ta wace ƙofa zakka ke shiga? Ta ƙofar faƙirai da miskinai da farko. Malamanmu sun halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara guda, Shafi'awa kuma suka faɗaɗa har ga kayan sana'ar da za su raba shi da roƙo. Sai ƙofar masu bashi, kuma a nan mazhabarmu tana da sauƙin da ba kowa ya sani ba: Malikawa sun halatta a biya bashin mamaci da zakka. Mu kan ce wa iyalai ai ya yi shahada, muna fatan haka ne, amma Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Mahaifin Jabir ya faɗi a Uhudu ya bar bashi da 'ya'ya mata, Annabi (SAW) bai tsaya ga yi wa Jabir albishir da matsayin mahaifinsa ba, ya shiga tsakaninsa da masu bin bashi, ya je gonar dabinon da kansa har aka biya kowa.

Ƙofa ta uku ita ce ta hadisin Ƙabisa ɗan Muhariƙu a Sahihu Muslim, inda aka halatta neman taimako ga mutum uku, cikinsu akwai wanda masifa ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya same shi har mutum uku masu hankali daga mutanensa suka shaida. Mai shagon da ya ƙone da mai babur ɗin da ya narke a bakin masallaci suna ƙarƙashin na farko. Na biyun kuwa ya koya mini darasin da ban ji daɗin koyonsa ba.

Shekaru kaɗan bayan harin, wata baiwar Allah ta zo ofishinmu da ƙunshin takardu a leda: katin zaɓen mijinta, da katin asibitin ɗanta, da rasiɗin makaranta da ba a biya ba. Fom ɗinmu na lokacin yana neman takardar shaidar rasuwa. Na ce mata ta je ta kawo, ta dawo babu, na sake mayar da ita. A zuwa na uku ta ce, “Malam, a ranar wa ya tsaya karɓar takarda? Da hularsa aka gane shi.” Ni da na karanta hadisin Ƙabisa a jami'a, na kuma rubuta shi a jarrabawa, sai da wannan mata ta yi sawu uku kafin in tuna cewa shari'a shaidar mutum uku na unguwa ta nema. Tun daga nan majalisa ta amince cewa sa hannun liman da mai unguwa da dattijo guda ya wadatar. Allah ya yafe mini kuɗin motar da na sa ta kashe.

Masu rai da rauni, da wurin waƙafi

Mamaci akan yi masa zaman makoki, a yi addu'a, a tara abin da ya sawwaƙa. Wanda aka fi mantawa shi ne wanda aka sallamo daga asibiti. Shari'a ba ta manta da shi ba. Wasiƙar da Annabi (SAW) ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu, wadda Malik ya buɗe babin diyya da ita, ta sanya raƙuma 50 a ido ɗaya, 50 a hannu, 50 a ƙafa, 10 a kowane yatsa, 5 a haƙori, da sulusin diyya a raunin da ya kai cikin ciki. Malamai sun ƙara da cewa gushewar ji gaba ɗaya diyya ce cikakkiya, haka gushewar hankali. Duk waɗannan su ne irin raunukan da bam ke bari. Akwai telan da ya rasa yatsun dama, akwai mai ɓarɓashin ƙarfe a jikinsa har yau, akwai wanda jikinsa lafiya lau amma ba ya iya shiga sahu idan masallaci ya cika, mutane na cewa ya yi sakaci da jam'i.

Buƙatar irin waɗannan ba ta ƙarewa da rabo ɗaya. Ƙafar roba tana lalacewa a sake ta bayan 'yan shekaru, ta yaro mai girma kuma ta fi saurin matse shi. Na'urar ji tana cin batir. Zakka shekara-shekara take zuwa, ta yi yawa bana ta ragu baɗi, kuma ba a son jinkirta rabonta. Gudummawar jama'a kuwa zafinta na kwana arba'in ne, kafin mace ta cika wata huɗu da kwana goma na takaba ƙafa ta ɗauke. Abin da ya dace da doguwar buƙata shi ne doguwar sadaka, wato waƙafi, wanda asalinsa gonar Umar ce ta Haibara da aka tsare tushenta ana ciyar da amfaninta.

Masu hali da dama suna jin tsoron waƙafi don suna zaton sai mutum ya rabu da gida ko gona har abada. A mazhabar Malik ba haka ba ne. Ya halatta a yi waƙafi na ƙayyadadden lokaci, mai shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari ya ce hayar wannan shago ta shekara goma ta marayun harin bam ce, bayan nan ya koma hannunsa ko na magadansa. Ya halatta a yi waƙafin tsabar kuɗi domin rance marar ruwa, gwauruwa ta karɓa ta ja jari ta mayar, wata ta karɓa. Shekara goma ta isa ta ɗauki yaro daga aji ɗaya na firamare ta kai shi babbar sakandare.

Waƙafi yana kuma isa inda zakka ba ta isa. Mafi yawan malamai ba su halatta ba wa wanda ba Musulmi ba zakkar farilla, amma sadaka da waƙafi sun halatta gare shi, aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautata masa, Abu Yusuf kuma ya kawo a Kitabul Haraj yadda Umar ya yanka wa wani tsoho Bayahude abin masarufi daga baitulmali. Hannun da ya kai hari masallacin Kano irinsa ne ya kai cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011, da tashar New Road inda matafiya Kudu suka fi yawa. Tunda sharaɗin mai waƙafi ake bi, ina ba masu niyya shawara su rubuta shi da faɗi, ya game duk wanda hari ya shafa a garin, domin idan suka ƙuntata ba mu da ikon faɗaɗawa a bayansu.

Suna

Akwai haƙƙin da ba ya cin kuɗi, kuma shi muka fi tauyewa. Idan ana maganar 28 ga Nuwamba adadi ake faɗa, adadin ma rahotanni sun saɓa a kansa. Na tambayi kwamitoci da dama ko suna da jerin mutanen unguwarsu da suka rasu ko suka jikkata a ranar, sai a fara lissafi da ka, a ambaci uku, a yi gardama a kan na huɗu. Akan ce dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai. Gaskiya ne ga wanda ke kallon gari ɗungurungum, amma a unguwa guda dambun bai yi yawa ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Agusta tun 2017 domin tunawa da waɗanda ta'addanci ya shafa, kuma na san cikinmu akwai masu ƙyamar duk abin da ya yi kama da bikin shekara ko gina abin tunawa. Ba wannan nake nema ba. Rajista nake nema, kuma tana da asali. Ibn Hisham ya jero shahidan Uhudu gida-gida, Buhari ya ware babi ya jero mutanen Badar da sunayensu, Umar ya kafa diwani aka rubuta mutane da iyalansu domin kada rabon wani ya salwanta. Uƙba ɗan Amir ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya fita ya yi wa shahidan Uhudu addu'a bayan shekara takwas. Kuma Buhari ya kawo labarin wata matashiya da ta tare Umar a kasuwa, mijinta ya rasu ya bar mata ƙananan yara, ta ce ita 'yar Hufafu ɗan Ima'u ce Bagifare. Umar ya tsaya, ya yi mata maraba da dangantaka, ya ɗora wa raƙumi buhu biyu na abinci da kuɗi da tufafi ya ba ta akala. Da wani ya ce an yi mata yawa, Umar ya tsawata masa, ya ambaci tsayuwar mahaifinta da ɗan'uwanta a wajen yaƙi. Ya san ko ita wace ce kafin ya ba ta, kuma saninta da ya yi yana cikin abin da ya ba ta.

Girmamawar da nake nufi ba ta haɗa da jera marayu a gaban kyamara suna riƙe da buhu ba. Mun taɓa yin haka a rahotannin baya, bana majalisa ta hana, saboda aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta gargaɗe mu a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa. Rajistar za ta zauna a hannun liman da sakataren gidauniya, ba za a buga ta ba. Amfaninta biyu ne: mu san wanda za mu bibiya kowace shekara, kuma duk ranar da hukuma ta buɗe ƙofar biyan iyalai, a tarar da sunaye a shirye da shaidunsu, kada a ce a kawo takardar da ba a taɓa bayarwa ba.

An haɗa fom guda da wannan rahoto ga kowane kwamiti. Yana neman sunan wanda abin ya shafa, da wurin harin da ranarsa, da waɗanda ya bari da shekarunsu, da bashin da ke kansa idan akwai, da irin raunin mai rauni da abin da yake sha ko yake sawa. A cike shi a gidan iyalin, mace ta shiga wajen mace, a tambayi matar da bakinta ko da akwai babban gida. Wanda ya ce ba ya buƙatar taimako a rubuta sunansa duk da haka, a nuna a gefe cewa ba mai karɓar zakka ba ne. Wanda ya ƙi a rubuta shi a ƙyale shi. Iyalin da suka tashi daga unguwa, a rubuta inda suka koma. Muna roƙon fom ɗin ya iso ofis kafin shigowar Sha'aban, domin kwamitin rabo ya zauna a kansa kafin azumi. Allah ne mafi sani.